Golan Doso

Na'iya baduku bai taɓa kallon ƙwallo ba, ko da yake duk tamaular da ta fashe a makarantar elemantare ta Tambuwal a hannunsa take warkewa. Ya san warin fatarta, ya san inda ɗinkinta ke fara saki, amma in ka tambaye shi me ya sa ƙarti ke bin ta da gudu cikin rana, sai ya ce ciwo ne da Turawa suka tafi suka bar mana. Shi ya sa ranar da ya buɗe baki ya ce a je Doso kallon ƙwallo, Malam Namadi ya kusa haɗiye goronsa.

Malam Namadi malamin makarantar ne, ɗan Dogon Daji, mai rediyo da yawan zance. Na ukunsu Ɗangiwa tela, mutumin Kebbe da ya kafa kekensa a jikin rumfar Na'iya. A nan suke haɗuwa kullum bayan la'asar. Malam da Ɗangiwa baƙi ne a garin, don haka ba su san abin da ke cin tsoho Na'iya ba.

Ga abin da ke cinsa. Ɗansa na fari, Almu, ya tafi cin rani shekarun baya, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, shiru. A kakar bana wani mai koren shanu, Jumare, ya dawo daga ƙasar Faransi, kamar yadda har yanzu ake kiran Nijar duk da ita ma ta sami mulkin kanta. Ya zauna a rumfar maƙwabci ya ɗaga murya yana ba da labarin wani saurayin Tambuwal da ke tsare wa mutanen Doso raga, ƙwallo ba ta wuce shi sai da rabo. Bai dubi Na'iya ba, Na'iya ma bai ɗago ba. Ai ba a kawo wa mutum labarin ɗan fari fuska da fuska. Tun da aka raɗa wa yaron suna, uban bai taɓa kama sunan da bakinsa ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma Na'iya ya riƙe ta da kyau. Sai dai kewa ta cika masa ciki, yana son ya ga yaron ko daga nesa, kuma ba shi da bakin faɗi.

Aka shiga shiri. Malam Namadi bai taɓa tsallaka iyaka ba, amma hakan bai hana shi zana musu filin ƙwallon Doso da tsinke a ƙasa ba. Ranar farko filin yana da katanga. Kafin sati ya zagayo ya yi ciyawa shar, ya yi benaye, har da masu busa da ke zaga shi da fararen kaya. Za su hau babbar mota da asubar Asabar, su bi ta Jega da Birnin Kebbi, su tsallaka ta Kamba, su kwana Gaya suna jin ƙamshin kogi. Lahadi da yamma wasa. Litinin kuwa Malam zai shiga aji ko da idonsa ya yi ja. Ɗangiwa shi burinsa ya ci burodin nan nasu dogo kamar sanda, ya kuma ƙare wa ɗinkin wandon jandarma, 'yan sandan can, kallo. Sukan zauna su ukun, idanu a kan hanyar mota, kowa a zuci ya riga ya isa.

Na'iya tambayarsa ɗaya ce.

"Malam, shi golan, ina shika tsayawa?"

"Bakin raga mana, Baba Na'iya."

"To mutum na iya zama bayan ragar?"

"Nan fa babu mai so. Ba ka ganin komi sai ƙeyar mutum guda."

"Ta ishe ni," in ji Na'iya.

Suka yi masa dariya, suka ce lallai baduku ƙauyancinsa daban ne. Shi kuwa ya riga ya ga ƙeyar. Yana ɗinki yana ganinta, da ɗan tabon nan na faɗowa daga jaki, yana tunanin ko yaron ya yi ƙiba, ko ya tsayar da gemu.

Ana cikin satin tafiya sai ga Malam Namadi ya taho kamar zai tashi sama, rediyo a hammata.

"Albishirinku! 'Yan ƙwallon Kaduna na zakuwa Sakkwato Lahadin ga. Manya, waɗanda mukan ji a akwati! Mi za mu yi Doso? Ba iyaka, ba jandarma, mota guda ta kai mu ta maido mu."

"Alhamdu lillahi," in ji Ɗangiwa. "Dama ni tsoron jandarman nan nika yi."

Basilla ta tsaya a hannun Na'iya. Ya ce Sakkwato ai zafi gare ta. Suka ce Doso fa, ƙanƙara ake yi? Ya ce an riga an sa rai da burodi. Ɗangiwa ya ce ya yafe. Ya ce mutum in ya yi niyya ba ya sakewa, Malam ya ce ai ba aikin hajji ba ne. Dabara ta ƙare wa tsoho, ransa ya ɓaci, ya ji filin nan da suka gina da baki yana rushewa benaye da ciyawa. Ga su har sun miƙe suna kakkaɓe riga, za su je neman direban Sakkwato.

"Ku dakata."

Suka juyo. Bai dube su ba, fatar da ke cinyarsa yake kallo, gumi na tsattsafo masa a goshi.

"Golan Doso," ya ce, murya can ƙasa, "mai ɗakina ta haife shi. Shi ta fara haihuwa."

Ɗangiwa, wanda shi ma ya bar nasa na farin a Kebbe, ya kawar da kai ya shiga gyaran zaren keken da ba abin da ya same shi. Da ya gama sai ya hau Malam da faɗa.

"Kai ma dai, Malam! Sakkwato gudu za ta yi? Mun ce Doso, Doso za mu. Kuma ni bayan raga nika son zama, an ce nan iska ta fi."

Malam Namadi ya koma ya zauna a hankali, ya ajiye rediyo. Amma yaro yaro ne, ko da ya yi boko.

"Ikon Allah! To Baba, mi as sunanshi?"

Na'iya ya sunkuyar da kai har gemunsa ya taɓa ƙirji.

"Ba ka da ta ido," in ji Ɗangiwa. "Bari mu tai. In ya cafe ƙwallo, filin duka za shi ɗauka da sunan, ka ji da kunnenka."

Na'iya bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Ashe kiran sunan ake yi, da ƙarfi, jama'a baki ɗaya. Ya soka basilla, ya ja zare. A cikin wannan ihu na mutanen da ba su san shi ba, ba wanda zai lura in bakin wani tsoho a bayan raga ya motsa.