Tafintan Arɗo Jalo

Ran da jirgin Maiduguri ya ci birki a bayan garin Bauchi, har mai tallan ƙwai da ke tarago na ƙarshe sai da ta ji a jikinta. Shanu ne suka cika layin dogo, farare tas, suna tafiyarsu ta isa kamar don su aka shimfiɗa ƙarfen. Direba ya yi ta danna oda, su kuwa maimakon su tsallake sai suka ruɗe, wannan ta yi gabas, waccan ta tsaya tana kallon jirgi. Allah ya kiyaye, ko ɗan maraƙi bai ƙwarzane ba. Amma fasinjoji sun sha gware da juna, kuma labari ya kai sama tun kafin a gama share ƙwan.

Lokacin fa jirgi jirgi ne. Ba a daɗe da mai da Bauchi babban birnin jiha ba, tasha kullum a cike, ga 'yan dako, ga masu tsire, ga matafiya da ƙullin kaya. Su kuma 'yan sandan reluwe, masu tsaron tasha da layi, ba a wasa da su. Babbansu a Bauchi shi ne Sufeto Amos, wani ƙaton mutum daga can ƙasar Binuwai, mai dariya kamar ana gangara ganga, mai Hausar bariki. Shi ya tara yaransa da safe ya faɗa musu umarnin da ya zo: in ba a daidaita da makiyaya ba kafin watan ya mutu, duk saniyar da aka gani a layi a kama ta, a tsare.

Kofur Babayo yana cikin waɗanda aka tara. Ya san shanun nan ɗaya bayan ɗaya, har da mai karyayyen ƙaho da ta tsaya kallon jirgi. Na mahaifinsa ne, Arɗo Jalo, shugaban rugagen da ke hayin layi.

Babayo ba ƙaramin ɗan sanda ba ne a unguwar. Shi ya bi matan da ke shanya barkono a kan duwatsun layi gida gida, da zolaya da magiya, har suka koma shanya a bayan masallaci. Shi yake shiga makarantu yana yi wa ɗalibai kwaikwayon kukan jirgi suna ƙyaƙyatawa, daga nan ya ja musu kunne kan wasa a layi. Tsofaffi in za su hau jirgi shi suke nema ya riƙe musu hannu. Igiya biyun kofur da ke hannun rigarsa da wannan aikin ya same su, kuma yana son kakinsa, ba ya ɓoyewa. Abu ɗaya ne bai taɓa sani ba: ko mahaifinsa ya yafe masa ajiye sandar kiwo da ya yi ya shiga aikin.

"Kai, Babayo!" in ji Sufeto Amos, yana washe baki. "Ashe Arɗo babanka ne? To magana ya ƙare! Tafi ka zauna da shi, ɗa da uba, ku sha nono ku gama. In kuma ya ƙi, kai za ka ja yara ku kamo shanu, tunda kai ka san hanya."

Wayyo Sufeto! Da ya tambayi ko mai sayar da goro a bakin tasha, da an gaya masa ya yi aika mafi muni. Babayo ɗan fari ne, kuma sunan kakansa ya ci, wato sunan mahaifin Arɗo. Tun da aka haife shi Arɗo Jalo bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, balle su zauna tabarma ɗaya suna ja-in-ja. In ya zama dole sai dai ya ce da wani, "Ku gaya wa wancan." Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma mutanensu da ita suke taƙama. Amma yaya za ka yi wa babbanka wannan bayani yana tsaye yana buga maka kafaɗa? Babayo ya ƙame ya sara, ya ce to.

Ya hau kekensa ya nufi ruga. Ya tarar da Arɗo a gindin tsamiya tare da dattawa, ya jingine keke daga nesa, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Baffa, kamar yadda yake kiran mahaifinsa. Arɗo ya amsa yana kallon reshen tsamiya. Da Babayo ya gyara murya ya ce, "Baffa, Sufeto ne ya aiko ni kan maganar layi," sai tsohon ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya ce da na kusa da shi bari ya duba wani maraƙi da ke ɗingishi. Ya tafi bai dawo ba.

Ya sake komawa, aka sake duba maraƙi. Ya koma ran kasuwa, aka ce Arɗo ya tafi gaisuwar mutuwa. Maraƙin nan dai, in da gaske yana ɗingishi, ya ci a ce ya warke ko ya mutu. Wata kuwa yana ta raguwa, Sufeto kullum sai ya tambaya, "Yaya, an sha nono?" Babayo ya daina cin abinci sosai. Ya riga ya yanke a ransa cewa hannunsa ba zai taɓa igiyar saniyar Baffa ba. In ranar ta zo, zai tuɓe kakin ya ninke ya ajiye a kan teburin Sufeto. Tunanin haka kaɗai yana sa shi baƙin ciki har ya rasa abin da ke masa daɗi.

A zuwansa na ƙarshe bai ko nufi tsamiya ba, ya zarce bukkar kakarsa Hamsatu. Ita kam babu kunya tsakaninsu, tunda sunan mijinta gare shi.

"A'a, maigida!" in ji ta. "Yau an tuna da ni? Ko ɗan goro babu, sai wannan wandon mai kama da buhu?"

"Ke tsohuwa, rabu da ni. Sakinki ma zan yi in huta."

"Sake ni mana, wa zai kwashe ka da wannan dogon wuya?" Ta tura masa ƙwaryar kindirmo. Da ta ga bai sha ba, ta daina dariya, ta sa shi ya zayyana mata komai. Ta saurara tana murza carbi. Can ta ce, "Kai da babban naku duk ba ku da wayo. Ka taɓa ganin an aiko ɗan fari ya yi shari'a da ubansa? Arɗo ne fa. Ka ce wa mai ƙaton cikin ya zo da kansa, kai ka biyo shi a baya kamar kowane ɗan sanda."

"In ya zo Baffa zai saurara?"

"Ni na haifi abina. Sha nononka."

Sufeto Amos da ya ji bayani ya dafe kai. "Kai! Shi ne ba ka faɗa mini tun farko ba? Ni a garinmu ɗan fari shi ne abokin hira na uba!" Ya yi dariya har da hawaye, ya sa aka goge masa takalmi, ya sayi goro da gishirin shanu, suka ɗauki hanya da hantsi.

Wannan karon ba a duba maraƙi ba. An shimfiɗa sababbin tabarmi, dattawan rugage duk sun hallara, mata na leƙe daga bayan bukkoki. Sufeto ya zauna da ƙyar, ya yi gaisuwa, ya fara jawabi da Hausarsa. Arɗo Jalo ya bar shi ya yi nisa, sannan ya girgiza kai ya yi magana da Fulatanci. Wani dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, Arɗo ya ce ba ya jin Hausa. Sai a nemo tafinta."

Ikon Allah! Mutumin da ya tsufa yana ciniki a kara, kasuwar shanu, wanda dillalai ke gudun bakinsa, yau shi ne ba ya jin Hausa? Ran Babayo ya ɓaci, ya ɗauka wata sabuwar hanyar kaucewa ce. Sufeto kuwa ya waiwayo ya ce, "Kofur, zo nan ka yi aiki." Babayo ya matso ya durƙusa tsakaninsu, kansa a ƙasa. Sai da Arɗo ya fara magana, idonsa a kan Sufeto, muryarsa kuma tana sauka a kunnen ɗansa, sannan Babayo ya gane. Tsohon ya samo hanyar da zai yi magana da shi doguwa, a gaban jama'a, ba tare da ya dube shi ba.

Aka shiga magana, kuma ba a yi ta da sauƙi ba. Arɗo ya ce burtalin nan ya girmi layin dogo, kakanninsa ta nan suke kai shanu mashaya, jirgi ne baƙo. Babayo ya juya maganar zuwa Hausa. Sufeto ya ce gaskiya ne, amma baƙon nan ba ya iya kaucewa. Dattawa suka yi dariya tun kafin a juya musu, suka tuna yau an ce ba a jin Hausa, suka haɗiye. Arɗo ya ce duwatsun layi suna cin kofato, shi ya sa shanu ke tsayawa a tsakiya. Sufeto ya ce za a zaɓi wuri ɗaya a cike shi da marmara ya yi daidai da ƙarfe, amma kowa ta nan zai bi. Arɗo ya ce jirgi ba ya cika alkawarin lokaci. Sufeto ya sosa ƙeya ya ce wannan kam ko shi ya gaji da shi, saboda haka za a sa ɗan sanda da jar tuta safe da yamma, shi zai ce a tsallaka ko a dakata.

Babayo yana ta kai magana yana dawowa da ita, gumi na bin wuyansa, amma zuciyarsa fes. Tun da yake a duniya bai taɓa jin kalmomin mahaifinsa da yawa haka sun biyo ta kansa ba. Har ya fara ƙara gishiri kaɗan a inda ya ga Sufeto ya yi kaushi.

Daga nan Arɗo ya gyara zama, ya yi magana mai tsawo, a hankali, yana kallon Sufeto. Daga bayan bukka aka ji tsohuwa Hamsatu ta yi gyaran murya. Babayo ya duƙar da kai. Ya share fuska da hannun riga.

"Ya ce... ya yarda, ranka ya daɗe."

"Ah ah!" in ji Sufeto. "Duk wannan dogon magana, 'ya yarda' kawai?"

Sai ga Arɗo Jalo, da Hausa tatacciya wadda ko a Ƙofar Ran, cikin birnin Bauchi, sai an nema, ya ce, "Ranka ya daɗe, tafintan nan naka yana cinye rabin magana. A sa shi ya faɗa duka."

Wuri ya kece da dariya. Sufeto ya faɗi da baya yana buga cinya, dattawa suna rufe baki da rawani, mata suka rangaɗa guɗa ba su ma san dalili ba. Arɗo kaɗai bai yi dariya ba, ya mai da idonsa kan reshen tsamiya yana jira.

"Oda ne, Kofur," in ji Sufeto yana share hawaye. "Faɗa duka."

Babayo ya miƙe tsaye, ya haɗa ƙafa kamar a fareti.

"Ya ce ya yarda da wurin tsallakawa, kuma duk wanda ya bi ta wani wuri shi da kansa zai hukunta shi. Ya ce amma mai riƙe tutar ya zama wanda ya san saniya, kuma... kuma a cikin yaranka akwai wani kofur, shi yake so." Ya gyara tsayuwa. "Ya ce ran da yaron ya bar garke ya yi fushi ƙwarai, ya ɗauka ya yi asara. Ya ce amma duk ran kasuwa yakan bi ta tasha, ya tsaya bayan masu lemo yana kallonsa yana taimakon tsofaffi da makafi, yana jin mutane suna sa masa albarka. Ya ce fushin ya daɗe da wucewa, yanzu alfahari yake yi da shi, kada ya kuskura ya bar aikin nan."

Ya tsaya. Arɗo ya ɗan ɗaga yatsa, alamar akwai saura.

"Ya ce," in ji Babayo, yana dariya hawaye na zuba a kan kakinsa, "bai taɓa gaya wa yaron wannan magana ba, kuma har abada ba zai gaya masa ba."