Na Uku Daga Gindin Tuffa

Da mai ƙidayar jama'a ta zo ƙauyen Dorhe, ko zama ba ta yi ba. Mutum huɗu ta rubuta: tsoho Sawarbek, 'yarsa Radimhan, mijin 'yar Tugan, sai tsohuwa Sobdat ta gidan gangare. Ta tambaya ko akwai wasu, Radimhan ta nuna mata tudun bayan hasumiyar dutse ta ce, "Sauran suna can, kuma ba sa amsa sallama."

Gida sittin ne a ƙauyen nan kafin sojoji su kwashe mutane zuwa Kazakistan a sanyin alif ɗari tara da arba'in da huɗu. Bayan tafiyarsu aka tumɓuke duwatsun kan kaburbura aka yi gada da su. Da aka bari a dawo, kaɗan ne suka dawo. Shekara bakwai da suka wuce 'ya'yan Radimhan suka zo daga Surgut, wani gari mai nisa inda suke aiki, suka ciro duwatsun, arba'in da uku, suka jera su a jikin katangar maƙabarta. Kowane dutse da sunan mai shi, amma wane kan wane kabari? Wannan kuwa mutum ɗaya ya rage a duniya da ya sani. Sawarbek yana da shekara goma lokacin da aka kwashe su, kakansa ya zaga da shi kabari kabari har ya haddace.

To ya faɗa mana! Ina. Ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa shekara tara ke nan, idanu ma sun bi sahu, amma taurin kai yana nan daram. Duk lokacin da Radimhan ta ce, "Baba, faɗa mini in rubuta," sai ya ce, "Maganar maza ce, a kan tudu ake yin ta. Bari yaran su zo da rani." Yaran kuma sai su turo hoto da gaisuwa.

Mace ba ta shiga maƙabarta. Namijin da ya rage a Dorhe ban da tsohon kuwa suruki ne, suruki kuma a al'adarsu ba ya bayyana a gaban uban matarsa har ɗayansu ya koma ga Allah. Shekara talatin da ɗaya Tugan yana wannan ɓuya a ƙauye mai hanya ɗaya. Shi ke yanka wa tsohon ciyawa, shi ke gyara masa rufi, amma da ya ji tarinsa sai ya tsallake katanga. Sobdat ta sha yi masa dariya, ta ce ƙato da furfura yana gudu kamar wanda ya saci kaza.

Ranar Talata da safe Radimhan ta kai wa mahaifinta siskal, burodin masarar da yake so, ya kawar da kai.

"Na yi mafarkin uwata," ya ce. "Kusa da ita za ku sa ni. Kin ji?"

"Na ji, Baba. A ina take?"

"In an kai ni zan nuna."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, tsoro kuma ya kama ta, don ta ga yadda hancinsa ya tsaya irin na mai shirin barin duniya. Ta gangara ta samu mijinta a garke yana wasa lauje.

"Kai, mutumin nan, tashi. Yau za ka goya Baba zuwa tudu."

Tugan ya dube ta. "Ke lafiyarki kuwa? Ni? Me mutane za su ce?"

"Wane mutane? Sobdat ce mutane, ko shanu? Tsohon nan ba zai ga Juma'a ba. In ya tafi da sunayen nan, kai za ka tono su daga bakinsa?"

"A kira yaran."

"Yaran suna bayan duniya, hanya kuma ƙasa ta zaftare ta rufe ta. Haba! Shekara talatin kana yi masa kunya, yau ka yi masa amfani."

Sobdat da ke jin su daga bakin ƙofa ta ɗaga murya. "Ka shiga da baya mana, ragon banza! Doki yana haɗa ido da mai hawansa ne?"

Haka aka yi. Tugan ya sa hularsa ta fatar rago, ya shiga ɗakin da baya, ya durƙusa a bakin gado. Radimhan ta ɗora masa mahaifinta, ta ɗaure da mayafi. Tsohon bai ce a sauke shi ba. Ya dai juya fuska wajen 'yarsa ya ce, "Ki gaya wa wannan ya bi ta gefen rijiya, can ya fi sauƙin hawa."

Hawan ya ci su kusan awa guda. Tsohon ba nauyi, amma tudun tsaye yake, iska kuma tana saukowa daga kan duwatsu da ƙamshin dusar ƙanƙara. A hanya bakin Sawarbek ya buɗe. Ya jero kakanninsa bakwai ba tuntuɓe, ya faɗi wanda ya gina hasumiya, da wanda ruwan kwazazzabo ya tafi da shi. Radimhan tana biye da turaku a hammata da bokitin farar ƙasa don sa wa kaburbura alama, zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Hankalinsa garau yake, wallahi.

Ta tsaya a bakin katanga, maza suka shiga. Fili ne shimfiɗe, ciyawa ta bushe, ba tudun kabari ko ɗaya, shekaru sun daɗe da lafe su.

"Yauwa," in ji tsohon. "Ki ce ya kai ni gindin tuffa in dafa ta. Daga jikinta ake lissafi, ana fuskantar hasumiya. Na farko Bersa, na biyu ƙaninsa, na uku uwata. Sauran duk daga nan suke bi."

Tugan bai motsa ba.

Radimhan ta duba gabas ta duba yamma. Sai ta tuna. Shekarar da aka dawo da duwatsu, tuffar nan ta bushe ƙarau. Tugan ya ce abin kunya ne a mai da magabata gida su tarar da ƙazanta. Ya sare ta, ya sa yaran suka kawo katafila ta tumɓuke saiwa ta baje wurin. Ita da kanta ta ƙona itacen a murhu. Tambaya ɗaya ce da an yi wa tsohon, amma mai yin ta ba ya iya shiga ɗakin, ita kuma ba ta san akwai abin tambaya ba.

"A ina take da?" ta ce wa mijinta a hankali.

Ya nuna wani wuri da haɓa. Ya yi jim, ya nuna wani, taku goma daga na farko. Ya sunkuyar da kai.

"Me ake jira ne?" Sawarbek ya miƙa hannu yana laluben iska. "Ga ta nan dai kusa, mai rassa biyu. Makaho kuka ba ni ya goya ni?"

Tugan ya buɗe baki, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun ranar da aka kawo masa amarya.

"Babu ita, Baba. Ni na sare ta. Ka yafe mini."

Hannun tsohon ya tsaya a sama, sannan ya sauko a hankali. Radimhan ta ajiye bokitin, don ta san ba abin da za a shafa wa farar ƙasa yau, ko gobe.

"Radimhan," tsohon ya kira. "Wa ke magana? Ban san muryar nan ba."

"Surukinka ne, Baba."

"Oho." Ya kwantar da kansa a bayan Tugan. "To ki ce ya mai da ni gida. Sanyi nake ji."