Koren Perpetua

Shekara ashirin da biyu Agnelo ya yi yana haɗa giya a rumfarsa ta bakin teku a ƙauyen Benaulim, matarsa Perpetua kuma tana baya tana soya kifi. Da yawa daga cikin masu zuwa ba su ma san fuskarta ba, sai dai muryarta in tana yi wa masunta ciniki.

Ana gab da shigowar baƙi masu yawon buɗe ido a watan Nuwamba, babur ya kayar da shi a kan rairayi, ya karye a wuyan hannun dama. Likita ya ce sati shida. Dole Perpetua ta bar wa ƙanwarta kaskon suya ta fito gaba, shi kuma ya ja kujera gefe yana ba da umarni.

A rana ta uku ta zaro wata kwalba daga bayan kantar haɗa giya, giyar shammam ce, ɗan'uwan kankana, koriya shar, mai zaƙi kamar alewa. Ya ce ta mayar, abin yara ne, ba mai sha. Ta ɗanɗana a cokali. Sai ta matse abarba da lemon tsami, ta fasa ɗanyar kwakwa ta tsiyaye ruwan, ta dangwala bakin kofi a gishiri da barkono, ta miƙa wa Dattaram, tsohon ma'aikacin gidan waya da ke zuwa kullum da la'asar. Dattaram ya kurɓa, ya dube ta, ya nemi ƙari.

Kafin sati biyu har daga birnin Margao ake zuwa neman koren Perpetua. Agnelo na zaune yana kallon 'yan mata suna ɗaukar hoto da ita, tana dariya, haƙoranta a waje. Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa kiran wani haɗi da sunansa. Yakan ce zafin hannu ne ke hana shi cin abinci.

Ranar da aka kwance masa ɗauri ya koma bayan kantar, ya ce ta koma wajen kifinta. Ta koma. Amma masu zuwa sai su riƙa leƙen bayansa suna tambayar ko madam na nan. Ya ga duk abin da take zubawa, don haka ya haɗa da kansa, da ma'auni, ya girgiza yadda ya saba. Dattaram ya sha rabi ya ture kofin.

"Ba laifi," in ji shi. "Kamar maganin tari mai tsada."

Girman kai ya hana Agnelo tambayarta. Maimakon haka ya ja mai kawo musu kaya gefe, ya ce kada ya ƙara kawo kwalbar nan, sannan ya gaya wa matarsa wai an daina yin ta. Ranar Laraba ta hau bas zuwa Margao, ta dawo da kwalba uku a cikin kwandon cefane, ta jera su a gabansa.

"Baban Rosita, ashe sun ci gaba da yi."

Ya ji kunya, kunyar ta zama faɗa. Ya ce ta raina shi a gaban jama'a, rumfar tasa ce, sunansa ne a jikin allo. Ta bar shi ya gama, tana goge hannu da zani.

"Shekara ashirin da biyu ina jin ana tafa maka ta bayan labule," ta ce. "Ko sau ɗaya ban ɓoye maka kwalba ba."

Kwana biyu ba su yi magana ba sai ta bakin ƙanwarta. A na uku ya ce daga la'asar zuwa faɗuwar rana kantar tata ce, wai don hannunsa ya huta. Lokacin ne rumfar ta fi cika, kuma ya sani.

Da Kirsimeti ta matso suka kira mai fenti ya sabunta allon abubuwan sha. Perpetua na can baya, Agnelo ya tsaya a kansa. Mutumin ya tambaya ko ya sa koren a sama, tunda shi aka fi nema. Agnelo ya daɗe yana kallon allon. Ya ce a sa shi na biyu, kuma a ɗan rage girman harufan.