Ɗan Giwar Inna

"Na ce ba zan yanke ba," in ji Almakashi, ko juyowa daga kwamfutar bai yi ba. "Ɗan giwa ya mutu. Ba ni na kashe shi ba, ba ni zan tashe shi ba."

"Wa ya ce ka tashi matacce? Kafin ya mutu za ka fitar da shi."

"Da me? Da haƙorina?"

Maƙogwaro ya zare abin kunne ya jefar a kan tebur. Ɗakin ɗan tsut ne, an lilliƙa wa bangonsa kiret ɗin ƙwai don kada hayaniyar titi ta shiga ɗaukar murya. Tana shiga duk da haka. Akwai fim ɗin da zaki ke ruri, mai facin tayar bakin titi yana zagin wani a bayansa. A nan su biyun suke yi wa finafinan namun daji fassara. Almakashi ke jera hoto da sauti, Maƙogwaro ke yi wa dabbobi baki. Shi ne zaki, shi ne barewar da zakin ke ci, shi ne kuma ungulun da ke jiran saura tana ƙorafin cewa manya ba sa ragowa.

Dokar maigidansu guda ɗaya ce. A sa duk abin da aka ga dama a bakin dabba, amma kada a taɓa hoto. Don haka dorina ta sha zagin surukanta, shi ma kada ya sha yi wa ɗan bauna wa'azin haƙuri kafin ya ja shi cikin ruwa, amma wanda aka cinye, an cinye shi.

Maƙogwaro kuma yana da tasa ɗabi'ar. Ba ya kallon gaba. Yana gani yana magana, ya ce ta haka dariyar take fitowa ɗanya. Wannan ɗabi'ar ce ta jawo masa.

Sabon fim ɗin na giwaye ne, kashi biyu. A kashi na ɗaya akwai wani ɗan giwa mai yagaggen kunnen hagu, kullum a bayan garke, kullum yana tuntuɓe da hancinsa. Da Maƙogwaro ya gan shi, bai ko yi tunani ba, ya ba shi muryar da ta fi zama a bakinsa, wato muryar Auta, ƙaninsa, da i'inarsa da komai. Duk sanda garke ya yi gaba, ɗan giwar zai ruga yana cewa, "Ku-ku jira mana, saura ni." Haka Auta yake cewa in ana rabon wani abu a gida, tun yana ƙarami har ya yi gemu. Daga baya ya ɗauki jaka ya ce zai je neman aiki can nesa. Ya kira a farko-farko. Sai lambarsa ta daina shiga.

Maƙogwaro ya kai wa Inna, mahaifiyarsa, kashi na ɗaya kamar yadda ya saba kai mata kowane fim. Tun da ɓarin jikinta ya shanye, kallon dabbobin nan ne aikinta, tana kwance tana ba su shawara. Ta yi ta dariya har ƙanwarsa ta zo tana share mata yawu. A ƙarshen kashin, ɗan giwar ya zurma cikin taɓo har ƙirji, uwar tana zagaye shi, hoto ya ɗauke.

Inna ta ture kwano. Ta ce ba za ta sa komai a baki ba sai ta ga an fitar da yaron nan. Tun daga ranar ruwa kawai take kurɓa, maganin hawan jininta kuwa ba a shan sa da cikin wofi.

Da safen nan Maƙogwaro ya kalli kashi na biyu. Uwar ta ja, ta ja, ta gaji. Garke ya tafi. Kuraye suka zo tun rana ba ta faɗi ba.

"Ka ga motar masu ɗaukar fim ɗin?" Maƙogwaro ya nuna allon. "Mayar baya. Tsaya nan. Mene ne wancan a gaban motar?"

"Igiya."

"Igiya mai inji. Ƙarti cike da mota, ga igiya, suka zauna suna ɗaukar hoto."

"Ƙa'idar aikinsu ce, ba sa sa hannu. Mai gemun nan na cikinsu ya yi bayani a ƙarshe. Har kuka ya yi."

"Sai da ya gyara kyamara ta kalle shi sannan ya yi kukan."

Almakashi ya juyo da kujerarsa. Siririn mutum ne mai son gardama fiye da abinci. "To bari in tambaye ka, mutumina. Kurar nan mai dogayen nonuwa, ba uwa ba ce? 'Ya'yanta suna rami suna jira. Ka fitar da ɗan giwa, su kwana da yunwa. Kai nan ka yi taimako ke nan? Don dai shi yana da gashin ido, su kuma munana ne."

"Kura ta je ta nemi wani."

"Wanin ma ɗan wata ne. Sai dai ba a yi masa muryar ƙaninka ba."

A waje mai facin taya yana dukan ƙarfe. Almakashi ya sosa ƙeya, ya san ya zarce.

Maƙogwaro bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan bokitin da suke kifewa ya zama kujerar baƙo, ya ce, "Muna aji ɗaya a firamare, wa ya cusa ɗan dutse a hancinsa?"

"Kai, wannan tsohuwar magana."

"Wa ya shigo gidanmu yana kuka da majina, yana tsoron uwarsa ta sani? Inna ta danne ka da gwiwa, ta toshe ɗaya hancin, ta hura maka a baki, dutse ya yi tsalle ya faɗa cikin tukunya. Da ta ce ƙa'idar aikinta ba ta sa hannu, da yanzu kana yawo da dutse a hanci kana yi wa mutane fito."

"Ni ba dabba ba ne."

"A lokacin ba a tantance ba."

Almakashi ya yi tsaki, ya leƙa ƙofa. Maigida ya fita tun safe, ya ce sai yamma. "Kwafi ɗaya," ya ce. "Na Inna kaɗai. Na kasuwa kuraye za su ci abinsu. In maigida ya ji, ni ban san ka ba, ban taɓa ganin ka ba."

Aikin ya ci musu wuni. Almakashi ya yanke fim ɗin daidai inda inuwar kura ta farko ta fara leƙowa. Ya tono wani tsohon fim inda ma'aikatan gandun daji ke jan bauna daga rami, ya ɗebi igiyar da tayoyin mota suna watsa laka, ya zubar da baunar. Sai neman ɗan giwan da zai fito da rai. Sun sami guda a wani fim ɗin daban, yana gudu wajen uwarsa, amma dajinsa kore shar, nasu kuwa busasshe. Almakashi ya yi ta rage launi har ciyawar ta koma kamar ta yi rashin lafiya.

"Wannan ya fi naka ƙiba," ya ce.

"Farin ciki ne ya kumbura shi."

"Kunnensa kuma lafiya lau. Naka yagagge ne. Kai da bakinka ka ce ƙaya ce ta yaga shi saboda rashin jin magana."

"Zaɓi inda ya ba da baya."

"Na zaɓa. Amma akwai wuri ɗaya da yake juyowa, in na cire shi, zai zama ya bar bakin rami ya faɗo ƙarƙashin uwarsa daga sama."

"Bar shi. Inna ko allurar da ke hannunta ba ta gani."

Maƙogwaro ya sa abin kunne, ya matso bakin makirufo. Ya yi muryar mai gemu yana cewa, "Kai jama'a, ku ajiye kyamarar nan, ba ku da imani ne?" Ya yi muryar direba yana ƙorafin cewa ba a ɗauke shi aikin jan giwa ba. Ya yi kurar tana komawa gida tana tsine wa masu shiga abin da ba ruwansu. Almakashi yana dariya yana riƙe ciki. Da aka zo kan ɗan giwar, Maƙogwaro ya fara, ya katse. Ya sha ruwa. Ya sake gwadawa.

"Sake," in ji Almakashi a hankali. "Ka yi rawar murya."

Ya sake. Ɗan giwar ya ruga yana kaɗa jela. "I-inna, ga ni nan. Kun rage min?"

Maƙogwaro ya shiga motar haya da filashin da suka zuba fim ɗin a ciki a aljihun riga, hannunsa a kai kamar wanda ya ɗauko maganin asibiti. A hanya motar ta rage gudu, wani mai babur ya faɗa kwata da buhunan kayansa, mutane sun kewaye shi, wayoyi a sama. Na kusa da taga ya ce wa direba ya ɗan dakata bai ɗauka da kyau ba. Maƙogwaro ya kalli mai babur ɗin, ya kalli agogon motar. Bai sauka ba.

Ƙanwarsa ce ta tare shi a tsakar gida, tana matse tsumma. "Yaya, ta ƙi shayin ma. Ta ce in kai wa masu ɗaukar hoto su sha, tunda su ne masu ƙarfin zuciya."

"Zubo abinci."

"An fitar da shi?"

"An fitar."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ko su?"

"Zubo abinci, na ce."

Ɗakin Inna yana warin man zafi da sabulu. Gado, kujera ɗaya, kwalaben magani a kan taga, talabijin a kan tsohuwar akwatin ƙarfe. Ta rame. Bakinta ya karkace gefe guda, amma harshen bai san an yi ciwo ba.

"Ka zo, sarkin surutu. Mutanenka marasa tsoron Allah sun gama kallon nasu?"

"Ki dai kalla, Inna."

Ya soka filashin. Suka tallafe ta da matashi, ƙanwar ta ajiye kwano a kan cinyarta ta sa mata cokali a hannun da ke aiki. Uwar giwa ta ja, ta gaji. Inna tana ta faɗa mata inda za ta kama. Da mai gemu ya ce a ajiye kyamara, ta ce, "Sai yanzu ka tuna kana da uwa." Da igiya ta miƙe, tayoyi suka fara watsa laka, ta dunƙule hannu a kan cokalin tana cewa direban ya taka, ba ƙwai ya ɗauko ba. Da kura ta juya tana tsinuwa, ta yi dariyar da ta sa ta tari.

Sai ɗan giwar ya fito da gudu, ƙato, mai tsabta, cikin ciyawa mara lafiya. Ya juyo sau ɗaya, kunnuwansa biyu a buɗe. Ya shige ƙarƙashin uwarsa.

"I-inna, ga ni nan. Kun rage min?"

Inna ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon allon. Ta juyo ta kalli ɗanta, wanda ya sami wani abin dubawa a jikin wayar talabijin. Ta kalli 'yarta, wadda ta tsura wa kwalaben magani ido. Sannan ta tsoma cokali.

Ta ci a hankali, rabi yana zubewa a ƙirjinta, ta ƙi yarda a taya ta. Ta cinye tas. Ta miƙa hannu aka ba ta ƙwayar magani, ta haɗiye, ta kora da ruwa. Ƙanwar ta ɗauke kwano tana yi wa yayanta wani ɗan murmushi ta gefe. Maƙogwaro ya ji kafaɗunsa sun sauko. Ya fara tunanin abin da zai saya wa Almakashi.

"Ka gaishe min da yaron nan mai dutse a hanci," in ji Inna. "Ka ce hannunsa ya faɗa."

Maƙogwaro ya tsaya da filashin a hannu.

"Ɗan giwar nan kyakkyawa ne," ta ce, tana gyara kwanciya. "Ya ƙoshi, kunnensa ko ƙwarzane babu. Allah ya raya wa uwarsa shi." Ta ja zane ta rufe hannun da ba ya motsi. Ƙanwar ta tsaya a bakin ƙofa, kwano a hannu.

"To shi nawan fa, mai yagaggen kunnen, wa ya koma ya duba shi?"