Mai Taga da Mai Allo

Madam Jennifer ce ta ce in je in zaɓi kyamarar da kaina, tunda ni zan riƙa ɗaukarta. Da ita ta zaɓa mini, wataƙila da har yanzu ina Minna.

Aikina a shagonta na hoto a Dutsen Kura shi ne shara, da goge gilashin firem, da guge labulen da mutane suke tsayawa a gabansa. Ina son aikin don ba ya bukatar magana. Daga Kagara na zo, lokacin da zuwa gona ya zama abin tsoro, na sauka wajen Gwaggo Talatu, ƙanwar babana. Tun ranar farko ta faɗa mini gaskiya. Ɗaki ɗaya ne, ga yaranta, ba za ta iya riƙe babbar mace tana zaune ba. In aiki ya ƙare, sai in koma gida.

Ishaya ne mai ɗaukar hoton shagon. Ya iya aikinsa, amma gidajen biki da yawa ba sa barin namiji ya shiga cikin mata ranar lalle ko kamu. Madam ta gaji da rasa irin wannan aiki. Wata safiya ta kira ni, na ajiye tsintsiya na durƙusa gefen teburinta.

"Kubura, tashi, ni ba sarauniya ba ce. Ina bukatar mace mai ɗaukar hoto. Ba zan iya riƙe mai shara daban, mai hoto daban ba, mutum ɗaya zai yi duka. Ko ke, ko Alisabatu 'yar yayata ta zo daga Kaduna. Na fi son ke, don ke kika san yadda ake shiga cikin Hajiyoyin nan. Za ki iya?"

Na ce zan iya, a hankali, har sai da ta sa na maimaita.

Ishaya ya koya mini da tasa kyamarar. Ya ɗora ta a kan ƙafafunta uku, ya sa ni ɗaukar kujera, da tukunyar furen roba, da hularsa a kan ƙusa. Ya ce hannuna ba ya rawa, kuma ina gane haske. Babu wanda ya lura cewa ban taɓa ɗaukar fuskar mutum ba. Ni kaɗai na lura.

Shagon da Madam ta aike ni yana kusa da shataletalen Mobil. Mai shagon, Godwin, mutum ne mai fara'a da yawan magana. Ya fito da kyamarori biyu ya jera a kan gilashi.

"Madam ta ce cikin biyun nan za ki ɗauka. Dukansu na masu farawa ne, kuma babu madubi a cikinsu kamar irin ta Ishaya, shi ya sa ba su da nauyi. Hoton da suke fitarwa kusan ɗaya ne. Bambancin yana wajen dubawa."

Ya ɗaga ta farko. Tana da ɗan tudu a sama, da ƙaramar taga da ake kara ido a leƙa. Allon bayanta a manne yake, ba ya motsi. Ta biyun ta fi ƙanƙanta, ba ta da taga ko kaɗan, amma allonta yana buɗewa ya juya ta ko'ina, har ya kalli sama.

"Wane aiki za ki yi da ita, 'yar'uwa?"

"Biki."

"To ki ɗauki mai taga, ki tafi gida. Ranar Minna ba ta wasa. In kika fita tsakar gida da azahar, allon nan baƙi zai koma, fuskarki kawai za ki gani a ciki. Mai allon ta yaran da suke ɗaukar kansu suna surutu ce. Oya, gwada a kaina, yau na yi aski."

Na ɗaga mai tagar na kara a idona. Shagon ya ɓace, fuskar Godwin ta cika wurin. Na ga jijiyoyin cikin idonsa, da gumin hancinsa, kuma idanun nan suna kallona kai tsaye. Wani ɗan akwati kore ya bayyana ya zauna a kan ƙwayar idonsa. Ban taɓa kallon namiji haka ba, ko babana. A gidanmu in babba yana magana ƙasa ake kallo. Na ji wuyana ya yi zafi, na sauke ta da sauri har igiyar ta maƙale a hijabina.

"Na yi muni haka?" Ya yi dariya. "To gwada ɗayar."

Na riƙe mai allon a daidai cikina, na buɗe allon ya kalli sama, na sunkuyar da kai. Ga Godwin nan ƙarami a tafin hannuna, kamar wani a talabijin. Ba ya kallona, ni ma ba na kallonsa. Numfashina ya dawo daidai. Na danna, hoton ya fito.

"Wannan nake so."

"Kin ji abin da na ce game da rana?"

"Na ji. Ta fi sauƙin riƙewa."

Ya ɗan dube ni, sannan ya ɗaga kafaɗa ya fara saka ta a kwali. "Ki faɗa wa Madam na faɗa miki. Kuma ki adana kwalin."

Ban faɗa wa Madam ba. Da ta tambaya na ce wannan ta fi zama a hannuna, ta ce to madalla. Da yamma Gwaggo ta juya kyamarar a hannunta, ta ce Allah ya sa albarka, sannan ta ce, "Ke da ko mai tumatir ba kya iya tayawa, yaya za ki ce wa Hajiya ta gyara tsayuwa?" Ta yi dariya, ni ma na yi.

Aikin farko kamu ne a Paiko. Amaryar sunanta Nana Khadija, uwarta kuma tsohuwar mai hulɗa da Madam ce. Ni da Ishaya muka hau bas. Da muka isa ya tsaya wajen maza a ƙofar gida, ya ce mini, "Abu ɗaya kada ki rasa. In dangin ango suka fesa mata turare suka yaye mayafin, fuskarta muke so. Sau ɗaya ake yi. Ki tsaya a gabanta, kowa ya tare ki ki ce ya matsa."

Na shiga. Tsakar gidan fili ne babba, an kafa rumfa a gefe ɗaya, sauran duk rana. Mata sun cika shi, ga kiɗan ƙwarya, ga ƙamshin turaren wuta da na soyayyen nama. Tsofaffi suna zaune a tabarmi. Ban iya wucewa a tsaye ta kansu ba, sai na rage tsawo na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kuma daga nan ban ƙara miƙewa sosai ba. Kyamarar ma ba ta ce in miƙe ba. A durƙushe nake ganin komai a allon, sai na yi ta dannawa. A ƙarƙashin rumfar har na ji daɗi. Babu wadda ta kula da ni.

Sai aka fito da amarya, lulluɓe da farin mayafi, ƙawayenta suna kewaye da ita. Ba a rumfar aka zaunar da ita ba. An shimfiɗa darduma a tsakiyar fili don kowa ya gani.

Na matsa na durƙusa a gaba, na duba allon. Babu komai a ciki sai hasken sama da fuskata, kamar yadda Godwin ya faɗa. Na kare da hannu, na karkata shi, na juya baya ga rana, duk a banza. Dangin ango sun iso suna ta barkwanci da ƙawayen amarya, ana ja ana dariya. Na rasa yadda zan yi, sai na ja gaban hijabina na rufe kaina da kyamarar gaba ɗaya, na bar bakinta kawai a waje.

A cikin duhun allon ya dawo. Na ji wata tana cewa, "Mai hoton ma amarya ce, a kama ta tare." Aka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Irin hoton zamanin kakanninmu ne, na shiga buhu." Gumi ya riƙa zuba mini a ido, amma ina ganin amarya, na ce a raina zan samu.

Sai wani zani shuɗi ya rufe allon. Na leƙo. Wata dattijuwa ce mai jiki, daga dangin ango, ta tsaya a gabana daidai da kwalbar turare a hannunta. Ta girmi Gwaggo nesa. Abin da zan faɗa kalma uku ne, Hajiya ki matsa. Na buɗe baki na ce, "Hajiya," amma ko ni ban ji muryata ba a cikin kiɗan. Na miƙa hannu zan taɓa zaninta, na fasa. Da na miƙe tsaye na ɗaga kyamarar sama da kafaɗarta, da na samu wani abu, ko da a makance ne. Ban miƙe ba. Na fara rarrafawa gefe in zagaye ta.

Ina cikin rarrafen aka rangaɗa guɗa. Kafin in sami wuri, amarya ta riga ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya, mata sun rufu a kanta.

A bas Ishaya ya tambaye ni ko na samu. Na ce na ɗauki da yawa.

Washegari Madam ta saka memorin kyamarar a kwamfuta, ni ina tsaye a bayanta. Ta fara wucewa da hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ga haɓar mata daga ƙasa, da ƙofofin hanci, da rufin rumfa. Ga ƙafafu da lalle, ga hannun wata tsohuwa a kan ƙwarya, ga bakin zani da takalma. Waɗanda aka ɗauka a rana rabinsu sun karkace, wasu kan mutum ya yanke. Daga nan sai shuɗi, shuɗi, shuɗi, zanin Hajiya.

"Ina amarya?"

Na nuna mata wani. Mayafi ne fari da yatsu a kan fuska.

"Fuskarta, Kubura."

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta koma kan hoton hannun tsohuwar ta daɗe tana kallo.

"Wannan yana da kyau," ta ce. "Amma babu uwar da za ta rataye hannun maƙwabciya a falonta. Me zan ce wa matar nan? 'Yarta ɗaya ce mace."

Ta kira uwar amaryar a gabana. Ina jin muryar matar tana fitowa daga wayar, Madam tana ta ba da haƙuri, tana cewa laifinta ne ita da ta aiko sabuwar hannu. Da ta kashe wayar ta kira Godwin, ya faɗa mata abin da ya faɗa mini. Ta saurara, ta dube ni sau ɗaya, sannan ta kira yayarta a Kaduna.

"Alisabatu za ta zo ƙarshen mako," ta ce mini. "Ba don ba na son ki ba. Kin ji abin da na faɗa tun farko." Ta turo mini kwalin kyamarar. "Godwin ya yarda zai canza. Ki kai masa wannan, ki karɓo ɗayar."

Godwin bai yi mini dariya ba. Ya duba kyamarar ta ko'ina, ya goge allon, ya miƙo mini mai tagar a kwalinta. Ya ce, "Sannu, 'yar'uwa," ya juya wajen wani mai sayen caja.

Ban hau keke ba, na taka da ƙafa. A bakin hanya, wajen da ake jibge doya, na tsaya a inuwar wani kanti. Ban san me ya sa ba, na buɗe kwalin na fito da ita. Akwai wata mata tana zaune a kan benci tana sayar da mangwaro, ta kai sa'ar innata. Na miƙe sosai, na ɗaga kyamarar na kara a idona, na juya ta wajenta.

Duhu ne a cikin tagar. Godwin ya cire batirin ya sa a leda daban. Amma ɗaya idon nawa a buɗe yake, kuma da shi na ga matar ta ɗago ta gan ni. Ta gyara ɗankwalinta, ta share baki da bayan hannu, ta kalle ni kai tsaye. Wuyana ya yi zafi kamar ranar farko a shagon Godwin. Ban sauke ba. Na tsaya a haka, ita ma ta tsaya, har murmushinta ya fara gajiya.

"'Yata, kin ɗauka kuwa? In gani mana."

"Ba ta da batir, Inna."

Ta yi tsaki tana dariya, ta koma korar ƙuda daga mangwaronta. Na mayar da kyamarar kwali, na naɗe igiyar yadda na same ta.

Na kai wa Madam, na share shagon, na guge labulen duk da ba ya bukata. A gida Gwaggo ba ta tambaye ni komai ba, Ishaya ya riga ya biyo ya faɗa mata. Ta ciro jakata daga ƙarƙashin gado ta kakkaɓe ta, ta ce motar Kagara ta safe ta fi, don direbobi ba sa son yamma ta same su a hanyar nan.