Kyautar Injin Ban Ruwa

Maigidana, Malam Hambali, bai iya ciwo ba. Kwana uku ƙasan cikinsa ta hagu yana murɗa masa, amma ya ƙi asibiti. Dalilinsa ɗaya ne: yayansa da aka tura Kano ɗaukar hoton ciki bai dawo da rai ba. Tun daga lokacin, a wurin Malam, duk wanda aka ce a yi wa hoto, tasa ta ƙare.

Rana ta huɗu ya yarda mu tafi asibitin Kura, amma sai da ya yi sallama da duniya. Ya kira maƙwabcinmu Musbahu, ya ba shi injin ban ruwansa kyauta, wai don ya riƙa yi masa addu'a. Ga albasa a gona tana jiran ruwa. Raina ya ɓaci.

Likitar, wata yarinya mai fara'a da ake kira Fa'iza, ta danna cikin a hankali, ta tambayi zazzaɓi da amai da jini a bayan gida. Duk babu. Aka gwada jininsa da fitsarinsa. Da sakamako ya fito, ta ce alamu sun nuna ƴan aljihuna ne da kan fito a jikin babban hanji idan shekaru sun ja, ɗaya ya kumbura, kamar lungun kwata da taɓo ya maƙale a ciki.

Malam ya dube ta. "Hoton fa, ƴata?"

"Ba yanzu ba, Baba. Ciwon bai yi tsanani ba. A sha magani da kunu, ku dawo jibi in sake dubawa. In zazzaɓi ya zo ko ciwon ya ƙaru, sai a yi hoton, kuma hoto ba ya kashe kowa."

Na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba. Mutumin da na riƙo muka shigo, shi ya riga ni fita.

A hanya yana ta hamdala, har muka tsallake gadar babbar kwata. Can sai ya ƙura wa gonarsa ido.

"Kubra," ya ce a hankali, "ke kin fi ni iya magana. Ki je wurin Musbahu."

Na ce wanda ya yi wasiyya shi zai je ya warware abarsa. Ya je kuwa, yana dafe da ciki yana dariya, kuma kafin la'asar albasa ta sha ruwa.