Waƙar Niƙan Tayisi

Duk wanda ya zauna a unguwar masu jirage ta Iskandariya ya san ba zakara ke tashin gidan Hatire ba, dutsen niƙan mahaifiyarsa Tayisi ne. Tayisi kuwa ba ta iya niƙa baki rufe ba. Waƙa ɗaya gare ta, wadda marigayi mijinta ya kwaso a bakin ruwa tun tana amarya:

"Uba ya riga, Ɗa ya biyo,
da can babu shi, aka yi shi,
juya dutse, gari ya zubo."

Matsalar ita ce, shekara arba'in ke nan da shugabannin Kirista suka taru a birnin Nikiya suka tsine wa wannan magana. Suka ce Ɗan, wato Almasihu, haifaffe ne, ba halitacce ba, kuma ba a taɓa yin lokacin da babu shi ba. Tun daga nan gari ya dare biyu. An fasa kawuna a kasuwar kifi, wa da ƙane sun daina cin abinci kwano ɗaya. Ita dai Tayisi ko a jikinta. Hatire ne abin ke ci, don shi mai karatun Littafi ne a majami'a, shekara tara yana jiran a ɗora masa hannu ya zama dikon, wato mataimakin limamin majami'a.

"Inna, don Allah ki bar waƙar nan. Bidi'a ce."

"Kai Kan Tulu, da waƙar nan na niƙa garin da ya gina maka wannan kan. Ubanka ya riga, ka biyo. Ina abin faɗa a nan?"

"Inna, sha'anin Allah ba haka yake ba."

"To je ka gaya wa dutsen. Shi ne ba ya juyawa sai da ita."

Da lokaci ya yi, bishop, shugaban majami'un garin, ya aiko da saƙo cewa wani dattijon limamin majami'a, Abba Sarabiyon, zai zo ya ga gidan, tunda wanda bai riƙe gidansa ba ba a ba shi riƙon gidan Allah. Dattijon daga wata unguwa yake, bai san kowa a nan ba, amma kowa ya san shi. Ido ɗaya gare shi. Ɗayan, masu irin wannan waƙa ne suka tsiyaye shi da jifa a ƙofar majami'a.

An ce da azahar zai zo. Hatire ya roƙi uwarsa ta gama niƙa tun da wuri, ta kuwa yarda. Har alkamar da take ɓoyo don idi ta fito da ita, wai kada baƙon ɗanta ya ci gurasar sha'ir. Sai dai wanda ya zo bincike ba ya zuwa lokacin da ya faɗa. Hantsi bai ɗaga ba sai ga sallama.

Sun zauna ke nan, Hatire yana amsa tambayoyi tiryan-tiryan, sai dutse ya fara gurnani a bayan tabarmar da ta raba ɗakin da tsakar gida. Kwanon farko ya shiga tanda, tana ƙara na biyu. Muryar ta taso, tsohuwa, cike da nishaɗi: Uba ya riga, Ɗa ya biyo.

Abba Sarabiyon ya juyo da idonsa guda.

"Wace ce wannan?"

Amsar gaskiya ba ta da wuya. Tsohuwa ce, uwata ce, ba ta san me take faɗa ba. Amma Hatire ya hango shekara tara suna bin ruwa, sai bakinsa ya riga shi.

"Wata tsohuwar baiwa ce, Abba, da na gada daga mahaifina. Kanta ba daidai yake ba."

Dutsen ya tsaya cak.

Tabarma ba bango ba ce, Hatire ma ya sani. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma ƙasa ba ta yi wa kowa wannan alfarma.

Can sai aka ɗaga tabarmar. Tayisi ta shigo, ta tuɓe mayafinta na matan gida, ta cire takalmi, gari har gwiwar hannu. Ta durƙusa da gwiwoyin nan da kullum take kuka da su, ta ajiye gurasa mai zafi da busasshen kifi da albasa a gaban ɗanta.

"Ga abinci, ranka ya daɗe."

Dattijon ya dube ta. "Tsohuwa, ina uwar mai gidan nan?"

"Ta rasu, Abba. Ba a daɗe ba."

Abba Sarabiyon ya yi wa Hatire ta'aziyya. Ya ci gurasar, ya ce rabonsa da irinta tun yana yaro. Da zai tafi ya dafa kafaɗarsa.

"Gidanka lafiya lau, ɗana. Baiwar nan dai, ko ka koya mata gaskiya, ko ka sayar da ita."

Hatire ya ce to. Wannan "to" ta fi ƙaryar farko yi masa ciwo.

Ranar Lahadi aka ɗora masa hannu, aka sa masa farar riga, jama'a suka yi ta taya shi murna. Ya yi ta leƙen wajen mata, bai ga uwarsa ba. Kunya ta hana shi jin daɗin ko da sannu ɗaya.

Washegari dutse ya tashe shi kamar kullum. Ya kwanta yana jiran muryar, shiru, sai gurnanin dutse kawai. Bai taɓa sanin gidan yana da faɗi haka ba. Ya fito da farar rigarsa, ya tsuguna kusa da ita.

"Inna."

Ta ci gaba da juyawa.

"Inna, ki yafe mini. Ni ne, Kan Tulu. Ki yi waƙarki, babu kowa a gidan."

Ta ɗebi alkama ta zuba, ba ta ɗago ba.

"Wace waƙa, ranka ya daɗe? Matsa can, kada gari ya ɓata maka riga."